Haɓo bayan tiyatar kogon hanci: da gaske jijiyoyi ne ke jawo shi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga wani ƙauye nake rubutowa, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Maigidana manomi ne, shekarunsa 46. An yi masa tiyatar kogon hanci a Kano, irin wadda ake zura kyamara ta ƙofar hanci, aka ciro masa tsiro. Mun dawo gida lafiya, sai a kwana na takwas haɓo ya ɓalle masa da asuba. Yau kwana 13 da aikin, ya yi sau huɗu, yawanci da asuba ko in ya sunkuya, ga hunturu ya kankama. A asibitin kusa da mu an auna jini an ce lafiya lau, sai dai awon hawan jini ya nuna 170/100, washegari kuma ya sauka. Wani ma'aikacin lafiya ya ce jijiyoyin da ke aiki da kansu ne suka rikice. Mene ne gaskiyar wannan, kuma yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne.

Maganar ma'aikacin nan tana da tushe, amma rabin zance ce, kuma ina jin tsoron ku tsaya a kanta ku fasa komawa wurin wanda ya yi aikin. Haɓo sau huɗu cikin kwana shida bayan tiyata yana bukatar a leƙa cikin hancin da kyamara, a wannan makon.

Mu fara warware kalmar jijiya, domin a Hausa suna ɗaya muke ba abu biyu. Akwai jijiyar jini, wato bututun da jini ke bi. Akwai kuma jijiyar saƙo, farin zare da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa sassan jiki, babu ɗigon jini a cikinta. Wadda ake yi muku magana a kai ita ce ta biyu, kuma wani reshe ne nata da ba ya jiran izinin mutum: shi ke tafiyar da bugun zuciya, gumi, narkar da abinci, da matsewa ko buɗewar jijiyoyin jini. Duba yadda noman rani yake a Kura ko kwarin Haɗejiya. Akwai mai buɗe ƙofar ruwa, akwai kuma bakin kwalbatin da ya zaizaye. In an saki ruwa da ƙarfi, wurin da ya zaizaye ne zai ɓalle. Mai buɗe ƙofa shi ya sa ɓarakar ta fito fili a wannan sa'ar, amma ko an rage ruwan, zaizayar tana nan sai an je an like ta. Jijiyoyin saƙo su ne mai buɗe ƙofa. Suna iya bayyana dalilin da ya sa jinin ke zuwa da asuba, ba su isa su bayyana daga inda yake fita ba.

Ramukan kogon hanci, waɗanda ake kira sainos, guda takwas ne, huɗu a kowane ɓangare: na kunci, na goshi, na tsakanin idanu, da na can ƙurya a bayan hanci. A tiyatar kyamara ana cire tsiron, a fasa siraran ƙasusuwa a faɗaɗa ƙofofin ramukan, kuma galibi ba a yin ɗinki. Ana barin ɗanyen miki ne ya warke da kansa. Wurin kuwa cike yake da jini. Babbar jijiyar da ke shayar da bayan hanci, wadda likitoci ke kira sifinofalatin, tana shigowa ne daidai ƙarshen ta tsakiya cikin tsokoki uku da ke gefen hanci ta ciki, kusa da inda ake aikin. Wasu biyu kuma suna saukowa ta rufin hanci daga kwarmin ido.

Kwana na takwas da kika ambata ba baƙon lokaci ba ne. Jinin bayan tiyata iri biyu ne. Akwai na ranar farko, lokacin da maganin matse jijiyar jini da aka sa a ɗakin tiyata ya sake, mutum ya farka, hawan jininsa ya dawo daidai. Akwai kuma na jinkiri, tsakanin kwana 5 zuwa 14, lokacin da busasshen ɓawon da ya rufe mikin ya fara ɓanɓarewa alhali sabuwar fatar da ke ƙasa ba ta yi ƙwari ba. In ƙwayar cuta ta shiga ƙarƙashin ɓawon, sai ya narke da wuri. A hunturu damshin iska a yankin Kano da Jigawa yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ɓawon ya bushe ƙayau ya tsage kamar dunduniya mai faso. Wannan shi ne abin da na fi zato a kan maigida.

Yanzu ga rawar jijiyoyin saƙon. Ɓangare biyu ne masu jan igiya. Na farko ɓangaren zabura, likitoci suna ce masa simfatetik. Zarensa na hanci yana tasowa daga laka a saman ƙirji, ya hau ta wuya, ya bi jikin babbar jijiyar jinin da ke shiga kai, ya iso hanci. Yana sakin sinadarin noradirenalin, wanda ke matse jijiyoyin jini, hanci ya buɗe ya bushe. Na biyu ɓangaren natsuwa, farasimfatetik. Shi daga gindin ƙwaƙwalwa yake fitowa tare da jijiyar da ke motsa fuska, ya yada zango a wani ƙulli a bayan ƙashin kunci, daga nan ya watsu cikin hanci. Yana sakin asetilkolin da wasu sinadarai, jijiyoyin jini su buɗe, majina ta kwararo. Zaren biyu suna haɗuwa su bi rami ɗaya a gindin ƙoƙon kai, ana kiran haɗin jijiyar bidiyan.

A gefen kowace ƙofar hanci akwai tsokoki uku a jere, kuma cikinsu kamar soso yake, aljihunan jini ne da ke cika su kumbura, su kuma zube su motse. Ɓangarorin nan biyu ke sarrafa su. Shi ya sa ko mai lafiya, in ya lura, zai ji ƙofa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, bayan 'yan sa'o'i su yi musanya. Wani likita Bajamushe, Richard Kayser, ya bayyana wannan juyi tun 1895. Ga mai lafiya ba komai ba ne. Ga mai ɗanyen miki kuwa, duk lokacin da soson ɓangaren ya cika, fatar tana miƙewa a ƙarƙashin busasshen ɓawo.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne, duka ɓangarorin biyu suna iya taimaka wa haɓo, kowanne ta hanyarsa. Ɓangaren natsuwa yana cika hancin da jini. Ɓangaren zabura yana matse ƙananan jijiyoyin hanci, amma a lokaci guda yana ɗaga bugun zuciya da hawan jinin jiki duka, kuma jijiyar da aka yanke aka toshe da gudan jini ba ta iya matsewa kamar lafiyayya. Ƙarfin da ke bayan gudan ya ƙaru, sai ya ture shi.

Ki jera abin da ke faruwa da asuba ki gani. Ya kwana a miƙe, jini ya taru a kai, soson hanci ya cika. Ya shaƙi busasshiyar iska dare guda. Da farkawa ɓangaren zabura yana tashi, hawan jinin kowa yakan hau a wannan lokacin, na mai hawan jini ya fi hawa. Sai ya ɗauki buta da ruwa mai sanyi, ya shaƙa ya fyace da ƙarfi. Sai ruku'u da sujada, kai ya koma ƙasa da zuciya. Abu biyar ke nan a cikin rabin sa'a, duk a kan miki ɗaya. Sunkuyo a gona, jan guga, ɗaga buhu da yunƙurin bayan gida duk suna yin irin wannan, domin riƙe numfashi da yunƙurawa yana hana jinin kai saukowa zuwa ƙirji.

Likitocin tiyata sun san ƙarfin wannan tsari, da shi suke aiki. A ɗakin tiyata ana ɗaga kan gadon kamar digiri 15 zuwa 20, a riƙe bugun zuciya kusa da 60 a minti, a jiƙa auduga da adirenalin a sa a hanci, wani lokaci a yi allurar kashe zafi kusa da ƙullin nan na bayan kunci, duk don jini ya ragu a ga wurin aiki. Saboda haka ba wanda ke musun tasirin jijiyoyin saƙo. Abin da babu shi ne wani awo da za a yi a ce ga shi, rikicewarsu ce kaɗai ta jawo haɓon. Cututtukan da ke birkita wannan tsarin sosai sanannu ne: raunin laka daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, ciwon suga da ya daɗe ya ci jijiyoyi, da wani ƙari da ba a cika samu ba a kan ƙoda, mai sa hawan jini ya yi tsalle tare da ciwon kai, gumi da faɗuwar gaba. In maigida ba shi da alamun waɗannan, kalmar rikicewa ta yi masa nauyi.

Awon 170/100 ɗin ma fuska biyu gare shi. Mutumin da ya ga jini na zuba daga hancinsa, aka ɗauko shi a babur cikin tashin hankali, dole awonsa ya hau. Yana kuma iya yiwuwa yana da hawan jinin da ba a gano ba, ko kuma an sallame shi da firedinisolon, maganin rage kumburi, wanda ake yawan bayarwa bayan cire tsiro, kuma yana ɗaga hawan jini da suga. Hanyar rabewa ita ce a auna safe da yamma na kwana bakwai, yana zaune ya huta minti biyar, ba lokacin da jini ke zuba ba, a rubuta a takarda. In matsakaicin awon gida ya kai 135/85 ko ya wuce, yana bukatar likita ya duba batun magani.

Sai maganar an auna jini an ce lafiya lau. Ki tambaya wane awo aka yi. A ƙananan asibitoci galibi yawan jini ake dubawa, kuma wannan yana nuna abin da ya rage ne a jiki, ba ya cewa komai game da daskarewa. Ana bukatar ƙidayar filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke fara toshe rauni, waɗanda adadinsu na lafiya yake tsakanin 150,000 da 450,000, kuma zazzaɓin cizon sauro yana rage su. Ana bukatar awon lokacin daskarewa iri biyu, da awon hanta da ƙoda, domin hanta ce ke ƙera yawancin sinadaran daskarewa, ciwon hanta nau'in B kuma ya yi yawa a yankinmu. Ko duk waɗannan sun fito daidai, akwai ciwon gado mai suna Von Willebrand, wanda ya fi kowane ciwon zubar jini na gado yawa, kuma yana iya ɓuya daga awon yau da kullum sai an nemi nasa na musamman. Tarihi ne ke tona shi. Ki tambayi mahaifiyarsa ko yayyensa: ya zubar da jini da yawa lokacin kaciya? In wanzami ya yi masa ƙaho ko an cire masa haƙori, jinin yana saurin tsayawa? Akwai mata a danginsu masu yawan jinin al'ada ko na haihuwa? Akwai masu yawan haɓo?

Abin da ya fi waɗannan duka yawa kuma, yana cikin aljihun riga ko kan taga. Asfirin yana kashe aikin filatilet na kwana 7 zuwa 10 daga shan ƙwaya ɗaya, kuma ƙidayar filatilet ɗin za ta fito daidai. Garin Alabukun asfirin ne da sinadarin kafin, irin na cikin goro. Ibufurofen, dikilofenak da firoksikam, waɗanda manoma ke saya a kemis don ciwon jiki, su ma suna raunana daskarewa, haka haɗin ƙwayoyin gajiya da ake ƙullawa a leda babu suna. Ki tattara duk abin da yake sha, har na gargajiya, ki kai wa likita. In ciwo ya dame shi, farasitamol ya isa, ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa shida, kada ya wuce takwas a yini. Amma in likita ne ya ɗora shi a kan asfirin ko wani maganin tsinka jini saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa, a kira likitan tukuna.

Ki duba kuma ko yana amfani da maganin feshi ko ɗigo na buɗe hanci, irin su Otrivin. Wannan magani kwaikwayon ɓangaren zabura yake yi, yana matse jijiyoyin jini cikin mintuna. In aka wuce kwana uku zuwa biyar ana sa shi, jijiyoyin suna sabawa, da ya sake sai su buɗe fiye da da, hanci ya toshe, mutum ya ƙara fesawa, fatar ta bushe ta ƙi warkewa. A nan kam ana iya cewa tsarin ya rikice, kuma maganin ne ya rikita shi. Magungunan mura da yawa suna ɗauke da danginsa, suna kuma ɗaga hawan jini.

Akwai abu guda da ba a cika samu ba amma dole in faɗa. Wani lokaci bangon babbar jijiyar jini yana samun rauni a lokacin aiki, ya kumbura a hankali kamar tayar keke mai ƙari. Alamarsa jini ja wur da ke ɓallewa da ƙarfi lokaci guda, ta hanci da baki, ya tsaya da kansa, bayan kwanaki ya dawo fiye da na farko. Tsayawar nan ba sauƙi ba ce. Irin wannan sai hoton siti sikan na jijiyoyin jini, kuma ba a kwana da shi a gida.

In jinin ya zo, ya zauna ya ɗan karkato gaba, kwano a gabansa, yana tofar da abin da ya sauko maƙogwaro. Kada ya ɗaga kai sama ko ya kwanta rigingine, domin jinin zai bi ta ciki, ya tayar da amai, ku kuma ku zaci ya tsaya. A fesa maganin buɗe hancin nan sau biyu ko uku a ɓangaren da ke zuba, wannan ne wurin da yake da amfani. Sannan a matse tattausan ɓangaren hanci, ƙasa da ƙashin karan hanci, minti 15 cur da agogon waya, ba a saki a leƙa. In akwai ƙanƙara ya tsotsa. Ya riƙa numfashi ta baki a hankali, ke kuma ki rage masa taron jama'a da salati da kuka a kansa, domin firgici na ɗaga hawan jini. Ki sani matsewar tana aiki ne a kan jinin gaban hanci. Na tiyata sau da yawa daga ciki yake, saboda haka in kin matse amma yana ta gangarawa maƙogwaro, kada ku ɓata lokaci. Kada a cusa tsumma, takarda, ganye, garin taba ko toka.

Ku kama hanyar asibiti nan take in jinin ya wuce minti 20 duk da wannan, ko ya kai cikin kofin shayi, ko bugun zuciyarsa ya haura 100 a minti yana zaune, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe. Haka in ido ya kumbura ko ya turo, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko wani ruwa garai mai gishiri-gishiri na ɗiga ta ƙofa ɗaya in ya sunkuya, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Kada ya tuƙa babur da kansa. Ku ɗauki takardar sallama, ku tafi da 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini.

Suma ma iri biyu ce, kuma a nan jijiyoyin saƙo na da hannu kai tsaye. Wani in ya ga jini, ɓangaren natsuwa ne ke rinjaya farat ɗaya, zuciya ta rage gudu, gumi ya karyo, ya sulale. In kin taɓa wuyan hannunsa za ki ji bugun a hankali, kuma da an kwantar da shi yakan farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu. Wanda jini ya ƙare wa kuwa bugunsa sauri yake yi, siriri, jikinsa sanyi, kuma ba ya dawowa daidai. Ko wanne ne, a kwantar da shi a gefe, fuska na kallon ƙasa kaɗan don kada jini ya shiga hanyar numfashi, a ɗaga ƙafafu, kada a ɗura masa ruwa. In kina shakka, ki ɗauka na biyun ne.

A wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, abin da za a yi shi ne a sa maganin kashe zafi, a zura kyamara, a zuƙe gudaji da ɓawo, a nemo bakin da ke zuba. In an gan shi sai a ƙona shi da sinadari ko da lantarki, ko a ɗora masa abin da ke narkewa da kansa. In ba a gani ba ana toshe hancin na kwana ɗaya zuwa uku. Ana ba da maganin taranekzamik, wanda ke hana gudan jini narkewa da wuri, da maganin ƙwayoyin cuta in akwai alamarsu. In ya ƙi, ana komawa ɗakin tiyata a ɗaure jijiyar sifinofalatin ɗin, aikin da ke tsayar da mafi yawan jinin bayan hanci. Wanda ya yi aikin shi ya fi sanin inda ya taɓa, shi za ku fara nema. In hakan ya gagara, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da wannan sashe.

Kafin nan, da kuma mako biyu bayan jini na ƙarshe, ya kwanta da matashi biyu ko uku, kai sama da ƙirji. Ba fyace majina, in atishawa ta zo ya buɗe baki. Ba noma, ba jan guga, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar. Ya bar sirace da turaren hayaƙi da wanka da ruwa mai zafi sosai, domin zafi yana buɗe jijiyoyin jini, ya rage yaji da shayi mai tururi da goro. Ya sha ruwa sosai, ya ci zogale da kuka da rama don bayan gida ya yi laushi. In zai fita cikin ƙura ya sa takunkumi ko ya ja rawani ya rufe hanci. Da dare a shanya jiƙaƙƙen zane a ɗakin, a kuma fitar da kaskon wuta.

Batun ibada, shaƙa ruwa da fyacewa a alwala sunna ne a mazhabar Malikiyya, alwala tana inganta ba tare da su ba, kuma mara lafiya yana da sauƙin yin salla a zaune da nuni. Ya tambayi limaminku don hankalinsa ya kwanta, domin dattawa da yawa suna jin nauyin barin sujada ko da likita ya hana.

Wankin hanci da ruwan gishiri shi ne babban maganin ɓawo, in dai likitan da ya yi aikin ya amince a ci gaba, kuma a dakata da shi a ranar da jini ya zuba. Ana tafasa ruwa lita ɗaya, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a zuba gishiri giram 9, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe. Kada a sa kanwa, kada a yi da ɗanyen ruwan rijiya ko na kududdufi. A zuƙa da babban sirinji marar allura, ya sunkuyar da kai kaɗan a kan kwano, baki a buɗe, a tura a hankali ana nufar bayan kai, rabin kofi zuwa kofi guda a kowace ƙofa, sau biyu ko uku a yini. A haɗa sabo kullum, a wanke sirinjin a shanya. Fatar cikin hanci tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta rufe sosai, wani lokaci fiye, saboda haka ko jinin ya tsaya gobe, ranar da aka ba ku ta komawa a share hancin tana nan, kuma ku je da takardar awon hawan jinin da ledar magungunan.